Yadda kuregen Amurka ya mamaye biranen Birtaniya har ya gagari hukuma

Duk wanda ke da ɗan uwa ko aboki a Landan, da wuya a ce bai taɓa samun irin wannan bidiyon a WhatsApp ba. Mutum ya durƙusa a lambun shaƙatawa na St James's Park, daf da fadar Buckingham, ya miƙa hannu da ƙwayar gyaɗa. Sai ga wani kurege mai ruwan toka, wutsiya buzu-buzu, ya gangaro daga kan bishiya ya karɓa ba ko ɗar. Wani ma har ya ɗare wa mutum ƙafar wando yana leƙen aljihu.

Ga wanda ya tashi a karkarar Maraɗi ko Damagaram, abin da ban mamaki. Kuregen da muka sani a rami yake kwana, gonar gyaɗa ce kasuwarsa, kuma da ya hangi mutum sai dai a ga ƙura. Na Landan kuwa a kan bishiya yake sheƙa, kuma ya saba da mutane har ya raina su.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne matsayin wannan dabba a wajen hukuma. A dokar Birtaniya, baƙo ne mai mamaya. Idan ya faɗa tarkon mutum, laifi ne a buɗe masa ya tafi. Kusan shekara 90 ke nan ana yaƙarsa da bindiga da tarko da guba da kuɗin lada, amma ƙididdigar da ƙungiyar Mammal Society mai nazarin dabbobin ƙasar ta fitar a 2018 ta ce akwai kimanin miliyan 2.7 a Birtaniya.

Daga kayan ado zuwa annoba

Asalin kurege mai ruwan toka gabashin Amurka ne da wani yanki na Kanada. Bai tsallaka teku da ƙafarsa ba. A 1876 wani attajiri mai suna Thomas Brocklehurst ya saki guda biyu a gandunsa na Henbury Park da ke yankin Cheshire, kudu da Manchesta. A wancan zamani masu kuɗin Ingila na gasar ƙawata gandayensu da dabbobi da tsirrai na ƙasashen waje, kamar yadda wani attajirin namu ke ajiye ɗawisu ko jimina a tsakar gida.

A 1890 aka saki wasu goma a gandun Woburn Abbey na gidan sarautar Bedford. Suka hayayyafa. Mai gidan na daga baya, Herbrand Russell, wanda ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar da ke kula da gidan namun dajin Landan, ya riƙa aika su kyauta ga abokan arziki a sassan ƙasar. An kuma sake su a lambun Regent's Park da ke tsakiyar Landan a farkon ƙarni na 20. A Ailan, labarin da ake bayarwa shi ne a 1911 aka kai su gidan sarauta na Castle Forbes a cikin kwando a matsayin gudummawar biki, aka buɗe kwandon a kan ciyawa. Har nahiyarmu sun zo: Cecil Rhodes ya kai su Cape Town wajen shekarar 1900, kuma har gobe suna nan a lambunan birnin.

Sai a 1937 gwamnatin Birtaniya ta haramta shigo da su da kuma ajiye su. Kafin nan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada.

Wani bincike kan ƙwayoyin gado da Dokta Lisa Signorile ta yi a jami'ar Imperial College, wanda aka bayyana a 2016, ya nuna cewa hannun mutum ne ya fi yaɗa su. Kuregen birnin Aberdeen, can arewacin Sikotlan, ya fi kusanci da na dajin New Forest a kudancin Ingila, tazarar ɗaruruwan kilomita. Wani da aka kama a tsibirin Skye a 2010 kuwa, daga Glasgow ya taho a maƙale cikin injin mota.

Yadda ya kori ɗan gida

Kafin zuwan baƙon, Birtaniya na da nata kuregen, ja, ƙarami, mai tukkun gashi a kunne. Yau ya ɓace daga kusan dukan kudanci da tsakiyar Ingila, ban da wasu tsibirai irin su Isle of Wight da Brownsea, inda teku ta tsare shi. Ƙididdiga daban-daban na sa yawansa tsakanin 140,000 da 287,000, kuma kusan kashi uku cikin huɗu a Sikotlan suke.

Ba faɗa ake yi gaba da gaba ba. Abu biyu ne ke cin jan kurege. Na farko abinci. Baƙon kan kai giram 500 ko fiye, ɗan gida kuwa wajen giram 300. Baƙon ya fi zama a ƙasa yana kiwo, yana cin ƴaƴan itatuwa tun ba su nuna ba, yana kuma tone abin da ja ya binne don lokacin sanyi. Akwai wata babbar bishiyar Turai da ake kira ok, wadda ƴaƴanta ke ɗauke da sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jima da shi. Cikin baƙon na iya narkar da su, na ja kuwa ba ya jurewa sosai. Macen da ba ta ƙoshi ba ba ta yawan haihuwa, ƴaƴan da aka haifa kuma ba sa samun wurin zama.

Na biyu cuta. Kurege mai ruwan toka na ɗauke da wata ƙwayar cuta mai kama da agana, wadda shi ba ta cika yi masa komai ba. Idan ta kama ja, sai gyambo ya fito masa a ido da baki da ƙafafu, ya kasa gani ya kasa ci, ya mutu cikin kimanin mako biyu. Masana sun lissafa cewa inda cutar take, ɓacewar jan kurege kan yi sauri kusan ninki 20. A Formby, kusa da Libaful, ɓarkewarta a 2008 ta hallaka kusan kashi 80 cikin 100 na jajayen wurin.

Abin lura, shi ma jan kuregen da ake kuka a kansa yau an taɓa ɗaukarsa maɓarnaci. Wata ƙungiyar masu gandun daji a arewacin Sikotlan, wadda aka kafa a 1903, ta kashe dubun-dubatarsu cikin shekarun da suka biyo baya saboda ɓarnar itatuwa.

Ɓarna a cikin gida

Mazaunin birni ba lallai ya damu da wane kurege ne ke daji ba. Damuwarsa na farawa ranar da ya ji ƙaraf-ƙaraf a saman silin da asuba.

Yawancin gidajen Birtaniya na da fili tsakanin silin da rufi, inda ake shimfiɗa wani abu mai kama da auduga don tsare ɗumi, inda kuma wayoyin lantarki da bututun ruwa ke bi. A wasu tsofaffin gidaje har tankin ruwa a nan yake. Ga kurege wannan ɗaki ne na alfarma, ga ɗumi, ga babu ruwan sama, ga babu abin da zai kama shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma shi wannan idan ya ga ƴar kafa a bakin rufi da kansa yake faɗaɗa ta.

Haƙoransa na gaba, kamar na ɓera, ba sa daina girma, saboda haka dole ya riƙa gwaigwaya. Yana gwaigwayar katakon rufi da bututun roba, yana feɗe rigar wayar lantarki, abin da ke iya jawo ɗaukewar wuta ko gobara. Yana yayyaga audugar ɗumin ya yi sheƙa. Wani kan faɗa tankin ruwa ya mutu a ciki. Mace kan haihu sau biyu a shekara idan abinci ya wadata, a farkon bazararsu da kuma tsakiyar shekara, ƴaƴa biyu zuwa huɗu a kowane karo. Ƙarin takaici ga mai gida, da yawa daga kamfanonin inshora ba sa biyan ɓarnar irin waɗannan dabbobi.

A waje kuma yana tone furannin da aka shuka, yana kwashe abincin da mutane ke rataya wa tsuntsaye, yana yaga ledar shara, wani lokaci ya sha ƙwan tsuntsu a sheƙa. Birni ya karɓe shi saboda abinci ba ya yankewa: kwandunan shara, ragowar burodi, da hannun masu yawon buɗe ido.

Asara mafi girma a jikin itatuwa take. Daga wajen Afrilu zuwa Agusta, kurege kan ɓare ɓawon bishiya don ya lashi ruwa mai zaƙi da ke ƙarƙashi. Ya fi auka wa bishiyoyi masu shekara 10 zuwa 40. Idan ya zagaye gangar jikin, abin da ke sama ya bushe. Idan bai zagaye ba, ruɓa ta shiga, katakon ya rage daraja, reshe kuma na iya karyowa kan hanya ko kan mota. Wani rahoto da ƙungiyar Royal Forestry Society da abokan aikinta suka fitar a 2021 ya ƙiyasta asarar a Ingila da Wales kaɗai kan fam miliyan 37 a shekara, wato kusan miliyar 28 na kuɗin sefa. Wannan na zuwa ne a lokacin da ƙasar ke son dasa miliyoyin itatuwa saboda sauyin yanayi.

Sule ɗaya kan kowace wutsiya

Dabarar farko da hukuma ta gwada ita ce ta farauta. An kafa ƙungiyoyin maharba ana raba musu harsashi kyauta. A 1953 aka sa lada: duk wanda ya kawo wutsiya ɗaya a ba shi sule ɗaya. Daga baya aka mai da shi sule biyu. An kawo wutsiya sama da miliyan ɗaya, amma da aka zo dubawa sai aka tarar yawansu bai ragu ba. A 1958 aka soke shirin.

Dalilin a fili yake. Maharbi na zuwa inda kurege ya fi yawa ne, ya harbi mai sauƙin samu ya tafi. Waɗanda suka rage sai abinci ya yalwata musu, su ƙara haihuwa, na maƙwabta kuma su cike gurbin cikin ƴan makonni. Daga baya an koma ga gubar warfarin, irin ta ɓera, ana zuba ta a cikin hatsi. Ita ma yanzu an janye izinin amfani da ita a kan kurege. Abin da ya rage shi ne tarko da bindigar iska, kuma a tsakiyar birni, inda gida ke manne da gida, harbi ba abu ne mai sauƙi ba.

Abin da doka ta ce

Wannan ɓangaren ya shafi ƴan uwanmu da ke zaune can kai tsaye, domin abin da mutum zai yi a gona a gida ba tare da tunani ba na iya kai shi gaban alƙali a Ingila.

Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta sakin kurege mai ruwan toka. Wata dokar da ta fara aiki a Disamban 2019 a Ingila da Wales ta ƙara tsanantawa, har cibiyoyin jinyar dabbobi ba su da damar mayar da wanda suka yi wa magani cikin daji. Wanda ya kama shi a tarko mai keji, ko dai ya kashe shi nan take ba tare da azabtarwa ba, ko ya kira wanda ya iya. Ɗaukarsa a mota a kai shi wani lambu a saki laifi ne.

Nutsar da shi a ruwa ma laifi ne. A 2010 wata kotu a yankin Staffordshire ta sami wani magidanci da laifin azabtar da dabba bayan ya nutsar da kuregen da ya kama a tankin ruwan lambunsa, ta sa ya biya sama da fam 1,500, fiye da miliyan ɗaya na sefa. Zuba guba da kanka haramun ne a doka. Tarko mai ɗaurewa sai irin wanda hukuma ta amince da shi, kuma tarkon keji ana so a duba shi aƙalla sau ɗaya kowace rana.

Masu sana'ar kawar da ƙwari da ɓeraye na ba da shawarar a fara da rigakafi. A sare rassan da suka taɓa rufi. A toshe kafofi da ragar ƙarfe mai ƙwari, amma sai an tabbatar babu uwa ko ƴaƴa a ciki, don uwar da aka rufe wa ƙofa za ta fasa wata, ƴaƴan da aka rufe kuma su mutu su yi wari. A rufe kwandon shara, a daina ajiye abinci a waje. Ɗan haya ya sanar da mai gida ko ofishin da ya ba shi hayar da wuri, a rubuce. Wasu ƙananan hukumomi na turo ma'aikatansu a biya su, wasu kuma sai dai a nemi kamfani.

Shekara uku da suka ci Italiya

Babbar matsalar yaƙin ita ce mutane da yawa na son dabbar. Ga yaron da ya tashi a Landan ko Birmingham, wannan ne naman dajin da ya fi gani da idonsa. Masu kare haƙƙin dabbobi na cewa bayan shekara kusan 150 ya zama ɗan ƙasa, kuma sare dazuzzuka da mutum ya yi shi ma ya taimaka wajen korar ja.

Italiya ta ga inda wannan jayayya ke kaiwa. A 1948 aka saki guda huɗu kusa da birnin Turin. Shekaru da dama suna zaune a ɗan ƙaramin yanki. A 1997 cibiyar kula da namun daji ta ƙasar ta fara gwajin kawar da su a gandun Racconigi. Ƙungiyoyin kare dabbobi suka kai ƙara, aka dakatar da aikin, kotun farko ta kama jami'ai biyu da laifi. Sai a 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su. Cikin waɗannan shekaru uku kuregen ya bazu har masana suka ce kawar da shi gaba ɗaya ya wuce. Fargabar yanzu ita ce ya bi dazuzzuka ya shiga Faransa da Suwizalan. A 2016 Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu mamaya da aka hana sayarwa da kiwo da saki.

Inda aka ci nasara

Tsibirin Anglesey a arewacin Wales ya nuna abin na yiwuwa. A ƙarshen shekarun 1990 jan kuregen da ya rage a can bai kai 40 ba. Aka shiga kafa tarko daji bayan daji, lambu bayan lambu, ƙarƙashin jagorancin masani Craig Shuttleworth. An kama baƙo na ƙarshe a 2013, aka ayyana tsibirin a matsayin wanda ya tsarkaka a 2015, lokacin da jajayen suka kai kimanin 700. Duk da haka ba a kwance ɗamara ba, domin gadoji biyu ne suka haɗa tsibirin da sauran ƙasa, kuma jefi-jefi wani kan tsallako.

Aberdeen ta fi zama darasi ga birane. Kuregen da aka kai can a shekarun 1970 ya zauna a ware, nesa da sauran danginsa. Tun 2009 shirin Saving Scotland's Red Squirrels ke bin unguwa-unguwa yana ba mazauna aron tarko su kafa a lambunansu, ma'aikata su zo su ɗauki abin da aka kama. Jama'a na aika rahoton inda suka ga kurege ta intanet. Yau baƙon ya ragu ƙwarai, kuma an koma ganin ja a lambunan cikin birnin. Aikin ya tafi ne saboda masu gida da yawa sun yarda an shiga bayan gidajensu. Lambu ɗaya da aka hana shiga, mai gidan na zuba gyaɗa kullum, ya isa ya mai da unguwa baya.

Maƙiyi na daji da maganin hana haihuwa

Taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Akwai wata dabba mai kama da tunku amma gwanar hawan bishiya, wadda Turawan Ingila ke kira martin, da farauta ta kusa ƙarar da ita. A 2014 masu bincike biyu a Ailan, Emma Sheehy da Colin Lawton, sun nuna cewa a tsakiyar ƙasar, inda wannan dabba ta farfaɗo, kurege mai ruwan toka ya kusa ɓacewa, ja kuma ya dawo. Ja ya san ta tun kaka da kakanni, yana jin warinta ya gudu, ga shi marar nauyi yana kaiwa ƙarshen siririn reshe. Baƙon bai san ta ba. An sake kai ta Wales daga 2015, da dajin Forest of Dean na Ingila a 2019. Sai dai ba ta son hayaniyar gari, don haka masana na ganin birane za su zama mafakar baƙon, inda zai riƙa fitowa yana sake cika karkara.

Wannan ya sa ido ya koma kan maganin hana haihuwa. Hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai ta Birtaniya na aiki a kansa tare da gamayyar UK Squirrel Accord, wadda ta samo asali daga wani taro da Sarki Charles, yana Yarima a lokacin, ya karɓi baƙunci a 2014. Dabarar ita ce a cuɗa maganin da wani maƙulashe mai kama da tunkuza, a sa a akwati mai ƙofa mai nauyi wadda ƙananan dabbobi ba za su iya ɗagawa ba. A gwajin da aka yi a dazuzzukan Yorkshire da Wales, inda aka sa rini a madadin magani, sama da kashi 70 cikin 100 na kuregen wuraren sun ci. Hanya ce da masu ƙin kisa za su fi karɓa, amma ba ta rage yawa nan take, kuma sai an ci gaba da zubawa shekara da shekaru. Wasu kuma sun zaɓi tukunya: akwai mahauta da gidajen abinci a Birtaniya da ke sayar da namansa.

Mu ma muna da namu baƙin

Kurege mai ruwan toka ba ya Nijar, kuma zafin Sahel ba wurinsa ba ne. Amma labarin ba baƙo ba ne a Yamai. Tsiron nan mai kama da kainuwa, mai fure shuɗi-shuɗi, da ke rufe kogin Kwara yana hana masunta jefa taru, asalinsa Amurka ta Kudu ne, kuma kyan furensa ne ya sa aka yaɗa shi a duniya. Wani bincike da masanan Nijar da na Faransa suka wallafa a 2014 ya gano cewa baƙin ɓera da ƙaramin ɓeran gida, dukansu ba ƴan asalin yankin ba, sun kafa sansani a wasu sassan birnin, musamman wuraren kasuwanci da ajiyar kaya inda manyan motoci ke sauke lodi, yayin da ɓeran gargajiya ke riƙe da sauran unguwanni.

Wato Yamai na matakin da Turin take kafin 1997, lokacin da baƙon ke ƴan wurare kaɗan da za a iya ƙirgawa. Birtaniya ta ɗauki shekara 61, daga sakin biyun farko a 1876 zuwa dokar 1937, kafin ta rufe ƙofa, kuma jikokin waɗanda suka yi sakacin ne ke biyan kuɗin tarko da gyaran rufi yau.